Sarkin Mali da Ya Shiga Teku Bai Dawo Ba: Nazari a kan Labarin Magabacin Mansa Musa

Gabatarwa

A tarihin ƙasashen Afirka ta Yamma akan san ƙarshen mafi yawan sarakuna. Wani ya faɗi a fagen fama, wani an tuɓe shi, wani kuwa ya cika a kan gadonsa an binne shi a hubbaren kakanninsa. Amma akwai sarki guda na daular Mali wanda aka ce ya hau jirgin ruwa da jama'arsa, ya nufi yamma cikin Tekun Atlantika wajen shekarar 1312, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wannan shi ne sarkin da Mansa Musa ya gada, wanda littattafai da yawa ke kira Abubakar na Biyu.

A cikin wannan takarda za mu duba inda labarin ya samo asali, da sunan sarkin da ake magana a kansa, da kuma da'awar da wasu marubuta suka yi cewa ya isa nahiyar Amurka shekara 180 kafin Kolumbus. Abin da ya sa muka ga ya dace a tattauna batun a irin wannan taro shi ne, labarin ya shiga bakin malamai da ɗalibai, ana ba da shi a aji tamkar abin da aka tabbatar. Ya zama wajibi a kanmu mu rarrabe abin da aka ruwaito da abin da aka ƙara daga baya.

Tushen Labarin

Labarin nan gaba ɗayansa ta hanya guda ya iso gare mu. A shekarar 1324 Mansa Musa ya yada zango a Alƙahira a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji, zamanin Sarkin Misira al-Nasir Muhammadu ɗan Ƙalawun. A can ya shaƙu da wani hakimi mai suna Ibn Amir Hajib, har suka riƙa zama suna taɗi. Bayan shekara goma sha biyu, wani malamin Dimashƙa kuma magatakarda a fadar Mamluk, watau Ibn Fadlallah al-Umari (1301-1349), ya bi mutanen da suka yi hulɗa da baƙon yana tambayarsu, ya zuba abin da ya ji cikin littafinsa Masalik al-Absar.

Ga yadda ruwayar take a taƙaice. Ibn Amir Hajib ya tambayi Musa yadda sarauta ta faɗo hannunsa. Musa ya amsa cewa su gidan sarauta ne masu gādo, kuma sarkin da ya gabace shi bai yarda cewa ba a iya kaiwa ƙarshen teku ba. Saboda haka ya shirya jirage 200 cike da mutane, da wasu 200 ɗauke da zinariya da ruwan sha da guzuri mai isar su shekaru, ya umurci shugabansu kada ya juyo sai ya ga ƙarshen ruwan ko kuwa guzuri ya ƙare. An daɗe ba labari, sai jirgi ɗaya tak ya komo. Mai jirgin ya ce sun yi tafiya mai nisa har suka tarar da wani abu kamar kogi mai ƙarfin gudu a tsakiyar teku, jiragen da ke gabansa suka shiga, ba su fito ba, shi kuwa da yake a baya ya juya. Sarki bai gaskata shi ba. Sai ya sake shirya jirage 2,000, dubu nasa da mutanensa, dubu na ruwa da abinci, ya bar wa Musa riƙon ƙasa, ya tafi. Daga ranar ba a ƙara ganin sa ba, da shi da duk wanda ya bi shi.

Idan muka auna wannan da ma'aunin isnadi, wanda malamanmu suka saba da shi, za mu ga mutum uku ne a jere: al-Umari daga Ibn Amir Hajib daga Mansa Musa. Al-Ƙalƙashandi (1355-1418) ya maimaita labarin cikin Subh al-A'sha, amma daga al-Umari ya ɗauko, don haka ba za a lissafa shi shaida na biyu ba. Ibn Batuta, wanda ya zauna a Mali tsakanin 1352 da 1353 zamanin Mansa Sulaimanu, bai ambaci tafiyar ba, alhali kuwa mutum ne mai son labarin abin al'ajabi. Haka nan Ibn Khaldun bai kawo ta ba, littattafan tarihin Tambutu na ƙarni na 17 su ma ba su kawo ta ba.

Duk da haka bai kamata mu yi gaggawar watsi da al-Umari ba. Marubuci ne mai bin diddigi. Shi ne ya lura cewa kafin zuwan Musa miskalin zinariya ba ya sauka ƙasa da dirhami 25 a Misira, amma tun daga zuwansa bai ƙara wuce dirhami 22 ba, saboda yawan zinariyar da ayarin ya zubar a kasuwa. Mai yin irin wannan lissafi da wuya ya ƙaga labari daga kansa. Mun fi zaton lalle an faɗa masa. Tambayar da ta rage ita ce ko abin da aka faɗa ya auku yadda aka faɗe shi.

Sunan Sarkin

Abin da zai ba mai nazari mamaki shi ne, al-Umari bai faɗi sunan sarkin ba ko sau ɗaya. To, daga ina aka samo Abubakar na Biyu?

Jerin sarakunan Mali mafi inganci shi ne wanda Ibn Khaldun (1332-1406) ya kawo cikin Kitab al-Ibar, kuma ya ji mafi yawansa daga wani malami, Shaihu Usmanu, faƙihin mutanen Gana, wanda ya haɗu da shi a Misira a ƙarshen ƙarni na 14. Jerin ya fara da Mari Jata, watau Sunjata, sai 'ya'yansa Uli da Wati da Halifa, sai jikansa Abubakar ɗan 'yarsa, sai Sakura, wani 'yantaccen bawan gidan wanda ya ƙwace mulki kuma aka kashe shi a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka. Bayan Sakura sai Ƙu, sai ɗansa Muhammadu. Daga nan Ibn Khaldun ya ce sarauta ta fita daga zuriyar Mari Jata ta koma zuriyar ɗan'uwansa Abubakar, kuma wanda ya fara hawa daga wannan gida shi ne Musa.

Wannan Abubakar na ƙarshe kakan gida ne kawai, ba a ce ya yi sarauta ba. Kuskuren ya faro ne daga fassarar Faransanci da Baron de Slane ya yi wa littafin a tsakiyar ƙarni na 19, inda ya juya jimlar ta nuna kamar Abubakar ɗin ne ya hau gado. Maurice Delafosse, wani jami'in mulkin mallaka na Faransa, ya ɗauki wannan cikin littafinsa na 1912, har ya yanka wa sarkin shekarun mulki, daga 1310 zuwa 1312. Sai a 1963 Nehemia Levtzion ya koma ga matanin Larabcin ya nuna inda aka kauce. Bisa ga haka, in dai akwai sarkin da ya shiga teku kafin Musa, to Muhammadu ɗan Ƙu ne ya fi cancanta da labarin.

Fiye da shekara sittin ke nan da yin wannan gyara, amma sunan Abubakar na Biyu bai gushe ba. Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma da yawa daga cikinmu ta fassarar da H. R. Palmer ya buga a 1908 muka fara sanin Tarihin Kano, littafin da ya ba da labarin zuwan Wangarawa daga Mali zamanin Sarki Yaji. Wanda ya dogara da fassara bai leƙa asali ba, yakan gaji kuskuren mai fassara ya kuma gadar da shi ga ɗalibansa.

Ko Tafiyar Mai Yiwuwa Ce?

Akwai abubuwan da ke ƙarfafa ruwayar. Na farko, Ibn Khaldun ya nuna cewa tun zamanin Sakura ikon Mali ya kai bakin teku ta yamma, don haka sarkin Mali na iya samun gaɓa da masunta ta wajen kogin Gambiya. Na biyu, kogin da mai jirgin ya ce ya gani a tsakiyar teku ya yi kama da abin da masana teku suka tabbatar. Akwai igiyar ruwa da ke gangarowa daga tsibiran Kanari ta bi gaɓar Afirka, sa'an nan ta karkata yamma wajen Senegal ta nufi Amurka, iska kuma na bin bayanta. Jirgin da ya faɗa cikinta ba tare da ingantaccen filafilai ba, komowa za ta yi masa wuya ƙwarai. Na uku, an gwada an gani. A 1955 wani likita Bajamushe, Hannes Lindemann, ya ƙetare tekun shi kaɗai cikin kwalekwalen da aka sassaƙa a Laberiya. A 1969 Thor Heyerdahl ya sa magina daga Tafkin Cadi suka ɗaura masa jirgin ciyawa, wanda ya lalace kafin ya kai gaci, amma na biyunsa a 1970 ya tashi daga Safi ta Maroko ya isa Barbados cikin kwana 57.

Akwai kuma abubuwan da ke raunana ta. Adadin jirage 2,000 ya yi yawa ainun. Ko mutum goma-goma aka zuba wa dubun farko, an sami mutum 10,000, kuma ɓacewar irin wannan taro tare da sarkinsu abu ne da ya kamata ya bar gurbi a bakin maroƙan Mali, waɗanda suka adana labarin Sunjata daki-daki. Bugu da ƙari, jiragen da Cadamosto ya tarar a bakin Gambiya a 1455 kwalekwale ne na tuƙi da hannu. Har ila yau, tsibiran Kef Bade, masu nisan ƙasa da kilomita 600 daga gaɓar Senegal, ba kowa a cikinsu sa'ad da Turawan Fotugal suka sauka wajen 1460.

Ya kamata kuma mu tuna cewa shiga teku a ɓace ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. A 1291 wasu 'yan'uwa biyu na gidan Vivaldi sun tashi daga Jenowa da jirage biyu suna neman hanyar Indiya ta teku, ba su dawo ba. A 1346 Jaume Ferrer na Mayorka ya tafi neman kogin zinariya a gaɓar Afirka, shi ma shiru. Taswirar Katalan ta 1375, wadda ta zana Mansa Musa riƙe da curin zinariya, ita ce kuma ta zana jirgin Ferrer. Marubutan Larabci irin su al-Mas'udi da al-Idrisi sun riga sun kawo labaran mutanen Andalus da suka kutsa wannan teku. Saboda haka masu sauraro a Alƙahira sun san irin labarin, kuma zai shige su.

Ruwa ba ya tsami banza. Mu lura da tambayar da aka yi wa Musa: yaya ka sami sarauta? Mun riga mun ga cewa da hawansa ne mulki ya bar wani gida ya koma wani. Baƙon da ke son sarakunan Musulmi su ɗauke shi halattaccen sarki yana da bukatar amsar da ba juyin mulki a cikinta, ba jini. Sarkin da ya tafi da ƙafarsa ya kuma naɗa muƙaddashi da bakinsa ya biya wannan bukata sarai. Wannan bai tabbatar da cewa Musa ya ɓoye wani abu ba, sai dai ya isa ya sa mai tarihi ya yi hattara.

Da'awar Isa Amurka

Tun a shekarun 1920 Leo Wiener ya yi rubutu cewa mutanen Afirka ta Yamma sun riga Kolumbus zuwa Amurka, amma littafin Ivan Van Sertima na 1976 shi ne ya yaɗa ra'ayin a duniya. Daga baya marubucin Mali Gaoussou Diawara ya bi sahu, yana ganin jiragen sun sauka a gaɓar Birazil. Ba mu raina abin da ya motsa su ba. Sun tashi ne a zamanin da wasu manyan masana na Turai ke cewa Afirka ba ta da tarihi, kuma mayar da martani ga wannan magana aiki ne da ya kamata.

Amma ruwayar al-Umari a bakin teku ta tsaya. Wanda kaɗai ya dawo, juyowa ya yi tun bai ga tudu ba. Hujjar isa sai dai a neme ta a can Amurka, kuma har yanzu masu tonon kufai ba su sami wani kayan Mali na ƙarni na 14 a tono mai tsari ba, kamar yadda wasu masana uku suka bayyana cikin martanin da suka yi wa Van Sertima a 1997. A kwatanta wannan da zuwan mutanen arewacin Turai. An daɗe ana jin labarinsu a baka da rubuce, amma ba a sallama ba sai da aka gano kufansu a L'Anse aux Meadows ta Kanada a 1960, aka tono harsashin gidaje da ƙusoshin ƙarfe, kana a 2021 aka tabbatar cewa an sare wasu itatuwan wurin a shekarar 1021. Gani ya kori ji. Irin wannan shaida ce ake bukata, kuma ita ce babu.

Kammalawa

Abin da za mu iya tsayawa a kansa shi ne: an ruwaito cewa a 1324 Mansa Musa ya faɗa a Alƙahira cewa magabacinsa ya shiga teku bai dawo ba, ruwayar ta hanya guda ta zo, sunan Abubakar na Biyu kuskuren fassara ne, Muhammadu ɗan Ƙu ya fi kusa, tafiyar na iya aukuwa, ko da yake adadin jiragen abin shakka ne, isa Amurka kuwa ba a kawo hujjarsa ba.

Shawararmu ga malamai ita ce a ci gaba da koyar da labarin, amma a koyar da shi tare da isnadinsa, a bar ɗalibi ya auna da kansa. Muna kuma kira ga sassan Tarihi da na Larabci da na Harsunan Nijeriya su haɗa hannu su fassara abin da al-Umari da Ibn Khaldun suka rubuta game da ƙasashen Sudan zuwa Hausa kai tsaye daga Larabci. Daular da ta gina masallacin Jingarebar a Tambutu, wadda zinariyarta ta karya farashi a Misira shekara goma sha biyu, tana da abin alfahari tabbatacce mai yawa, kuma mutuncinmu na masu nazari ya rataya ne a kan faɗin abin da hujja ta kai gare shi.