Yadda Majalisar Amurka ta Binciki 'Yan Leƙen Asirinta

Kowace gwamnati tana da ma'aikata masu aiki a ɓoye domin tsaron ƙasa. To, amma wa zai duba aikinsu, tun da ba a ganinsa?

A watan Disamba na 1974 wani ɗan jarida, Seymour Hersh, ya buga labari cewa hukumar CIA, wadda aka kafa domin leƙen asirin ƙasashen waje, ta juyo tana leƙen mutanen gida. Sai Majalisar Dattawa ta naɗa kwamiti a 1975, ta ba Sanata Frank Church shugabancinsa.

Abin da kwamitin nan ya tono ya girgiza jama'a. Ashe shekara wajen ashirin ana buɗe wasiƙun mutane a asirce, a karanta, a liƙe. Hukumar FBI kuwa ta bi Martin Luther King, jagoran baƙar fata, tana sauraren maganganunsa, har ta aika masa da wasiƙar barazana ba suna. An kuma tarar an ƙulla kashe Fidel Castro na Kyuba ba sau ɗaya ba, an kuma aika da guba Kwango a 1960 domin Patrice Lumumba, ko da yake ba ita ta kashe shi ba. Shugaba Ford ya nemi kada a buga wannan sashe na rahoton, kwamiti ya ƙi, ya buga.

Bayan haka Ford ya hana kisan gilla irin na siyasa a 1976, Majalisa kuma ta kafa kwamiti na dindindin mai duba waɗannan hukumomi. A 1978 aka yi doka cewa kafin a saurari wayar mutum a cikin ƙasa domin leƙen asiri, sai an sami izinin wata kotu ta musamman.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Ita kanta kotun a asirce aka tsara ta zauna, ta ji bakin gwamnati kaɗai, ga shi da wuya ta ce a'a. Da aka kai harin 11 ga Satumba, 2001, Shugaba Bush ya ba hukumar NSA iznin sauraren wasu wayoyi ba tare da an je kotun ba ma. 'Yan majalisa ƙalilan aka gaya wa, aka kuwa hana su faɗa. Jama'a ba su ji ba sai a 2005, shi ma daga bakin jarida, kamar dai yadda aka yi a 1974.