Zaɓen Italiya na 1948 da Yadda Jam'iyyu Suka Gaje Hukuma

Ranar 18 ga Afrilun 1948 mutanen Italiya suka zaɓi majalisarsu ta farko ƙarƙashin tsarin mulkin jamhuriya. Fiye da kashi 92 cikin ɗari na masu zaɓe suka fito. Jam'iyyar Democrazia Cristiana ta Alcide De Gasperi ta samu kashi 48.5, da kujeru 305 cikin 574 na majalisar wakilai. Ƙawancen 'yan kwaminis na Palmiro Togliatti da 'yan gurguzu na Pietro Nenni ya tsaya a kashi 31.

Akan danganta wannan sakamako da tsoron Tarayyar Sobiyet, da ƙwace mulkin da 'yan kwaminis suka yi a Cekoslobakiya a watan Fabrairu, da tallafin Shirin Marshall na Amurka, da kwamitocin da Luigi Gedda ya kafa a majami'un Katolika don fito da masu jefa ƙuri'a. Duk haka ne. Amma a ganina abin da ya fi dawwama daga zaɓen nan shi ne ƙarfin da ya bai wa jam'iyyu a kan hukuma kanta.

Tushen abin ya faro tun Satumban 1943, sa'ad da Sarki Vittorio Emanuele na Uku ya tsere daga Rum zuwa Brindisi, rundunar soja ta watse. Jam'iyyu ne suka haɗu suka shirya yaƙin sunƙuru da Jamusawa da ragowar 'yan Mussolini, su ne kuma daga baya suka rubuta tsarin mulki. Wato sun riga hukuma tsayawa da ƙafafunsu. Sashe na 49 na tsarin mulkin ya amince musu su yi takara ta hanyar dimokuraɗiyya, sai dai ba a yi dokar da za ta leƙa cikin gidansu ba, ta ga yadda suke zaɓen shugabanni.

Zaɓen 1948 ya ɗora wani abu a kan wannan: ya toshe hanyar karɓa-karɓa. Babbar jam'iyyar adawa, wato ta 'yan kwaminis, mai mambobi kusan miliyan 2, ba a yarda ta shiga gwamnati ba muddin ana yaƙin cacar baka. Democrazia Cristiana kuwa, da ta san ba za a kayar da ita ba, da wa za ta yi faɗa in ba da kanta ba? Sai rikici ya koma tsakanin ɓangarorinta. Gwamnatoci sama da arba'in suka tashi suka faɗi kafin 1992, yawanci ba don ƙuri'ar jama'a ba, sai don sulhu ya warware a ofisoshin sakatarorin jam'iyya. Kujerar firaminista ba ta bar hannun Democrazia Cristiana ba sai 1981.

A nan ne abin ya fi damuna. Muƙamai a kamfanonin gwamnati irin su IRI da ENI, da gidan rediyo da talabijin na RAI, da asusun raya kudancin ƙasa da aka kafa a 1950, duk aka riƙa kasafta su gwargwadon nauyin kowace jam'iyya. Talaka mai neman aiki a Napoli ko Sisili ya gane cewa katin jam'iyya ya fi takardar makaranta buɗe ƙofa. Arziƙin ƙasa ya bunƙasa ƙwarai a shekarun 1950 da 1960, ba a musu, kuma wannan ya sa aka daɗe ana kawar da kai.

Ko a zaɓen Afrilun 1992 Democrazia Cristiana ce ta zo ta ɗaya. Masu gabatar da ƙara na birnin Milan, da binciken cin hanci da suka buɗe a Fabrairun shekarar, su suka karya ta, aka rushe ta a 1994.