TUTAR BURMI DA WASIƘUN WAZIRI

Wannan makon na ɗan jingine labarinmu, saboda wata tambaya da ta hana ni sakat tun ranar da na shiga Gidan Arewa da ke titin Rabah a Kaduna, wato tsohon gidan Sardauna. Ina duban hotunan sarakunanmu na da, sai na ce a raina: shin ina kayan da aka kwashe lokacin da Nasara ya ci ƙasar nan?

Kowa ya ji labarin tagullar Benin da Turawan Ingila suka kwasa a 1897. Masu binciken asalin kaya sun bi sawunsu daga hannu zuwa hannu, daga soja zuwa ɗan gwanjo zuwa gidan tarihi, har Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar fiye da guda dubu a 2022. To mu ma an ci mu da yaƙi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, kana aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli.

Tutar Attahiru, wadda mazaje suka yi ta faɗuwa a gindinta, ta zama ganimar sojan Turawa, sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ta dawo ne domin babu mai musun inda aka ɗauke ta da ranar da aka ɗauke ta. Haka wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Waziri Buhari: Bature Backwell ya wallafa fassararsu a 1927, kuma a bangon littafinsa ya faɗi gidan da aka same su.

Inda gizo ke saƙa shi ne kayan da ba a rubuta ba. Takobi, sulke, lifidi, Alƙur'ani rubutun hannu, wanda hafsa ya jefa a akwatinsa, jikansa ya sayar, yau yana bayan gilashi da 'yar takarda mai cewa daga Arewacin Nijeriya kawai. Kuma a faɗi gaskiya, ba duka ne ganima ba. Wasu saye aka yi a kasuwa, wasu kyautar sarakuna ce. Mai bincike sai ya samo sunan wanda ya ba da kayan, ya duba ko yana cikin rundunar da ta shiga Kano ko ta je Burmi.

Rabin amsar na Turai, a rajistar gidajen tarihi. Ɗaya rabin na nan Kaduna, a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, inda rahotannin Razdan-Razdan na larduna ke jibge. Daga Gidan Arewa zuwa can, kuɗin keke-napep ne kawai, amma ni kaina da nake wannan surutu ban taɓa leƙawa ba sai bana.