Ƙuri'un Hubert Maga, depite na farko daga arewacin Dahome

Kai da ke sauke kaya a tashar Parakou, da kai da ke koro shanu daga Djougou ka biyo ta nan, da wuya ku wuni cikin gari ba ku ji an ambaci Hubert Maga ba. Ɗan kabu-kabu zai ce maka ku haɗu a shataletalen Maga. Wanda ciwo ya taɓa kai shi Kwatano kuwa ya san babban asibitin ƙasa da sunansa ake kiran shi. Matasa da yawa abin da suka sani bai wuce shi ne shugaban ƙasa na farko ba. To amma kafin ya hau waccan kujera depite ne, kuma labarin ƙuri'unsa labarinku ne, domin kakanninku ne suka jefa su, kuɗin fatake kuma suka kai shi.

A Parakou aka haife shi a 1916, gidan manoma. Uwarsa Bariba ce, ubansa kuma daga ƙasar da ake kira Burkina Faso yau ya fito. Lakwal ta kai shi kudu, har Porto-Novo, daga can ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna. A can ya yi abota da wani ɗan Nijar mai suna Diori Hamani. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Da ya komo gida aka tura shi koyarwa Natitingou a 1935, ya zama shugaban lakwal ɗin, a 1947 kuma mutanen yankin suka tura shi majalisar ƙasar Dahome ta zamanin mulkin mallaka.

A wancan lokaci boko a kudu yake. Akawun kumandan ɗan kudu, tafinta ɗan kudu, ma'aikacin duwan ɗan kudu, mai auna maka kaya a tashar jirgin ƙasa shi ma ɗan kudu. Kujerar Dahome a majalisar dokokin Faransa guda ɗaya ce tun 1946, Sourou-Migan Apithy na Porto-Novo ke kanta.

Sai ga dokar zaɓe ta watan Mayu 1951. Ta ba Dahome kujera ta biyu, ta kuma buɗe ƙofa ga magidanta masu biyan haraji da matan da suka haifi 'ya'ya biyu. Masu katin zaɓe suka tashi daga kusan dubu 62 zuwa sama da dubu 333. Ka ga a dare ɗaya arewa ta zama abin lissafi. Maga ya tsaya a ƙarƙashin wata ƙungiya da ba ta ɓoye nufinta ba ko a suna, Groupement Ethnique du Nord, wato haɗakar ƙabilun arewa.

Amma malamin lakwal ina ya ga kuɗin yawon neman ƙuri'a daga Malanville har Bassila? A nan Djougou ta shigo. Kun san Djougou, Zugu a bakin tsofaffi, zango ce tun zamanin da ayarin goro ke tasowa daga Gwanja ya bi ta nan da Nikki ya nufi Kano. Dendawa da Wangarawa da Hausawan zango suna da abin da jam'iyya ba ta da shi a lokacin: mai masauki a kowane gari, dillali a kowace kasuwa, da amana da ke tafiya da baki ba da takarda ba. Wani attajiri mai tushe a Djougou, Paul Darboux, ya zuba dukiyarsa a yaƙin zaɓen Maga, da fatan wata rana shi ma ya zama depite. Ranar 17 ga Yuni 1951 aka kaɗa ƙuri'a. Apithy ya samu 53,463, Maga ya samu 49,329, Emile Zinsou ya tashi da 18,410. Cikin kowace ƙuri'a ɗari ta Maga, 98 daga arewa suka fito. Bakin teku bai ba shi ko ɗaya cikin ɗari ba.

Wannan lissafi shi ya bi Maga har ƙarshen siyasarsa. Arewa ba ta taɓa juya masa baya ba, kudu kuma ba ta taɓa karɓarsa da ƙuri'a ba. Ya gane haka, shi ya sa a zaɓen 2 ga Janairu 1956 ya ajiye Darboux ya ɗauki Gaston de Souza ya zama na biyu a jerinsa, sunan ma ya gaya maka daga bakin teku gidansu yake. Darboux ya ji haushi, ya kafa tasa jam'iyyar ta kare muradun kasuwanci, ya tsaya, bai kai labari ba. Maga ya koma Faris da ƙuri'a sama da dubu 60, har ya samu ƙaramin muƙamin minista a ma'aikatar ƙwadago ta Faransa a 1957. Shi kuwa Darboux daga baya aka shirya, ya zama minista a gwamnatin Maga. Attajiri ya saka kuɗi, ya yi fushi, ya dawo: wanda ya daɗe a kasuwa ba zai yi mamaki ba.

Zaɓen da ya fi ban al'ajabi shi ne na Afrilu 1959, na majalisar dokoki mai kujeru 70. Jam'iyyar UDD ta Justin Ahomadégbé na Abomey ta fi kowa ƙuri'a, kashi 44 cikin ɗari, amma yadda aka yanka mazaɓu ya sa ta tashi da kujeru 11 kacal. Apithy ya kwashe 37. Maga, da kashi 17 cikin ɗari, ya samu 22. Rikici ya ɓarke a kudu, dole Apithy ya saki kujeru tara. Da 'yan kudu biyun nan suka kasa yarda ɗaya ya hau kan ɗaya, sai suka waiwayo wurin na ukun. Ranar 22 ga Mayu 1959 Maga ya zama firaminista, ranar 1 ga Agusta 1960 ya karɓi 'yancin ƙasa. Gaskiyar magana, ba yawan ƙuri'a ya kai shi can ba, gabar maƙwabtansa ce. A zaɓen 11 ga Disamba 1960 ya haɗa kai da Apithy, jerinsu ya samu kusan kashi 69 ya kwashe kujeru 60 duka, Ahomadégbé da kusan kashi 31 bai samu ko ta tsugunno ba. Bayan 'yan watanni aka haramta jam'iyyarsa, aka ɗaure shi. Wannan aibi ne, kuma masoyan Maga ba su cika son a tuna shi ba.

To me ɗan kasuwa da makiyayi suka gani a ƙasa? Layin dogo ya iso Parakou daga Kwatano tun 1936, a nan ya tsaya, kamyo ke ɗaukar sauran tafiya zuwa Malanville da Gaya da Dosso. A 1959, shekarar da Maga ya hau, aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar, OCDN, kuma ƙasashen biyu suka shiga ƙawancen Conseil de l'Entente tare da Kodebuwa da Haute-Volta. Muddin Maga na Kwatano, abokinsa Diori na Yamai, gardamar tsibirin Lete, inda Fulani ke kai shanu kiwo a tsakiyar kogin Kwara, ba ta rufe hanya ba. Ranar 28 ga Oktoba 1963, bayan yajin aikin ma'aikata da aka rage wa albashi, Kanal Christophe Soglo ya kifar da Maga. Ba a yi wata uku ba Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome, Dahome ta rufe iyaka ta tare kayan Nijar a tashar ruwan Kwatano. Wanda ya ga layin kamyo a Malanville a 2023 ya san yadda abin yake. Maganar Lete kuwa sai a 2005 kotun duniya ta yanke ta, ta ba Nijar.

A Maris 1964 Parakou ta yi bore don Maga, soja suka murƙushe shi, Maga ya ƙare a gudun hijira a Faransa.

Ya dawo don zaɓen shugaban ƙasa na Maris 1970, wanda soja suka shirya jiha bayan jiha, ba rana ɗaya ba. Borgou ta ba shi sama da kashi 97 cikin ɗari. Saura Atakora, kuma a lokacin Djougou cikin Atakora take, domin jihar Donga sai a 1999 aka yanke ta. Kowa ya san inda ƙuri'un nan za su faɗa, kowa kuma ya san idan suka faɗa Maga ya wuce sauran. Sai Kanal Paul-Émile de Souza ya dakatar da zaɓen Atakora, ranar 3 ga Afrilu ya soke zaɓen baki ɗaya. Mutanen Djougou da suka kai shi Faris a 1951 ba a bar su sun ƙarasa aikin ba. Daga Parakou Maga ya yi barazanar ɓalle arewa, Apithy ya ce shi ma zai ja yankinsa ya shige Najeriya, 'yan kudu mazauna arewa suka riƙa ɗaure kaya suna gudu. Da ƙyar aka samu mafita: majalisar shugabanni uku, kowa ya yi shekara biyu. Maga ya fara ranar 7 ga Mayu 1970, ranar 7 ga Mayu 1972 kuma ya miƙa wa Ahomadégbé, mutumin da ya taɓa ɗaurewa, ba tare da ja-in-ja ba. A nan kam ya cancanci yabo.

Bayan wata biyar, ranar 26 ga Oktoba 1972, Mathieu Kérékou, soja ɗan Atakora, ya kifar da su ukun ya tsare su har 1981. Da aka dawo siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1990, sabon tsarin mulki ya hana wanda ya haura shekara 70 tsayawa takarar shugaban ƙasa, Maga kuwa ya haura. A zaɓen 1991 ƙuri'un Borgou da Atakora, waɗanda suka bi shi tun 1951, wurin Kérékou suka koma. Maga ya zauna a kotun tsarin mulki, yana kan wannan aiki ya rasu a Kwatano ranar 8 ga Mayu 2000.