Alli da Akwatin Talabijin: Tarihin Haɗa Koyarwa da Fasaha a Nijar

A birnin Maraɗi akwai makarantu biyu da aka raɗa wa sunayen sarakuna. Ɗaya ita ce lise ta fasaha mai sunan Ɗan Kasawa, Sarkin Katsinan da ya kafa gadon sarautarsa a nan a farkon ƙarni na 19. Shekara da shekaru tana yaye masu aikin lantarki, da kanikanci, da gini, da lissafin kuɗi. Ɗayar kuwa makarantar horon malamai ce mai sunan Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir, wanda magadansa ke zaune a Tsibiri. Tazarar da ke tsakaninsu a ƙasa ba ta da yawa, amma a tsarin karatu kamar gabas da yamma suke. Wanda ya koyi sarrafa na'ura ba a koya masa yadda yaro ke fahimta ba, wanda kuma ya koyi halin yaro ba a damƙa masa na'ura ba.

Yau da ake yawan zancen digirin farko na jami'a, wato lisansi, da zai haɗa ilimin koyarwa da fasaha, wasu na ɗaukar abin sabo ful, kamar tare da kwamfuta da intanet ya shigo. Alhali kuwa Nijar na cikin ƙasashen farko a duniya da suka gwada wannan haɗi, kuma gwajin ya bar mana abin dubawa kafin a rubuta ko da layi ɗaya na sabuwar manhaja.

A shekarar 1964, ƙasa na da shekara huɗu da samun mulkin kai, yaran da ke zuwa makarantar boko kuwa ƴan ƙalilan ne, malamai ma sun fi su ƙaranci. Gwamnatin Diori Hamani, tare da taimakon Faransa, ta buɗe talabijin na makaranta a Yamai. An fara da azuzuwa biyu na gwaji, sannan a 1966 aka faɗaɗa zuwa azuzuwa 22, da yara wajen 800, duka a kewayen Yamai inda hoton ke iya kaiwa. Wani Bafaranshe masanin tarbiyya, Max Egly, shi ne ya jagoranci ayarin. Kowace rana ana watso darussa huɗu, kowane na minti 14, da wasan kwaikwayo, da zane, da hotunan ƙauye irin wanda yaran suka sani. A cikin aji kuwa ba cikakken malami ba ne ke tsaye. Saurayi ne mai takardar gama firamare kawai, wanda aka ba ɗan gajeren horo, ana kiransa monita: shi ke kunna akwati, ya kashe, ya maimaita da yara abin da suka gani bisa takardar jagora da aka aiko masa.

Kada a raina abin da aka samu. Yara sun so makaranta, ba sa gudunta, ba a kuma sa su maimaita aji. Baƙin da suka ziyarci azuzuwan sun yi mamakin yadda ƴaƴan manoma ke sakin baki da Faransanci ba tare da tsoron bulala ba. Tun 1968 aka fara gwada farantan hasken rana don kunna akwatunan a inda babu lantarki, tun duniya ba ta waye da wannan dabara ba. Masana daga ƙasashen waje sun yi rubutu a kan gwajin, Kodibuwa kuma ta kafa nata babban shirin a Buwake a 1971. A Nijar ɗin ma an ƙara azuzuwa a shekarun 1970.

To, ina ya tafi? Kafin shekarun 1970 su ƙare shirin ya shuɗe, kayan aikinsa da ma'aikatansa suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Na Kodibuwa ma an rufe shi a farkon shekarun 1980. An saba ɗora laifin a kan tsada, kuma gaskiya ne shirin ya dogara ga kuɗi da ƙwararrun Faransa. Amma a ganina akwai dalilai biyu da suka fi wannan zurfi. Na farko, an gina shi ne a gefen makaranta, ba a cikinta ba. Duk basirar koyarwar tana ɗakin shirya darussa a Yamai; wanda ke gaban yara ɗan aike ne kawai. Malaman da suka fito daga makarantun horo ba su ga kansu a ciki ba, har wasu na yi masa kallon kishiya, tun da saƙon da ke ƙunshe a ciki shi ne ana iya yin makaranta ba da su ba. Ranar da ƙwararrun suka naɗe kayansu, ba su bar rundunar malaman da suka iya rubuta irin wannan darasi da kansu ba. Na biyu, akwatin Faransanci kaɗai yake ji. An kawo na'urar zamani, amma aka ɗora mata tsohon kaya na makarantar mulkin mallaka, wato yaro ya ajiye harshen uwarsa a bakin ƙofar aji.

Abin sha'awa, a cikin wannan shekara ta 1964 ne wani ɗan wannan jaha tamu ya fitar da littafin da ya hango matsalar. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fizik, ya wallafa L'Éducation en Afrique a birnin Paris, inda ya soki makarantar da Turawa suka bari, ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu, a kuma daina raba karatu da aikin hannu. Daga 1969 ya shugabanci ma'aikatar binciken makamashin rana, ONERSOL, daga baya ya riƙe jami'ar Yamai, wadda ta ɗauki sunansa bayan rasuwarsa a 1991. Ga mutum guda da ya haɗa abin da makarantunmu suka raba: hannunsa ɗaya a kan madubin tara hasken rana, ɗayan a kan tambayar harshen da ya kamata a koyar da yaro. Mun sa sunansa a ƙofar jami'a, amma sau nawa aka sa littafinsa a hannun mai koyon malanta?

Amsar matsalar harshe ta biyo wata hanya dabam. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo. A 1974 aka kafa cibiyar INDRAP, mai shirya littattafai da manhajoji, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Sai dai waɗannan makarantu alli da allo kawai suka samu, wani lokaci littafin ma ba ya isa. Aka wayi gari gwajin da ke da na'ura ba shi da harshe, wanda ke da harshe ba shi da na'ura, kuma kowannensu ya daɗe yana amsa sunan gwaji.

Daga nan labarin ya yi sauri. Shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003 ya cika ƙasa da azuzuwa da malaman kwantaragi, da yawansu ba tare da isasshen horo ba. Monita ya dawo ke nan, amma wannan karon ba shi da ko akwatin da zai jingina da shi. A 2008 aka buɗe cibiyar fasaha ta jami'a a Maraɗi, a 2010 ta zama cikakkiyar jami'a, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai kuma tsohon ministan ilimi. Sashen ilimin koyarwa kuwa sai a Tawa, babbar makarantar horon malaman sakandare kuma tana Yamai. Da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, kowa ya ga iyakar shirinmu: wayar salula na aljihun kusan kowane malami, amma kaɗan ne suka san yadda za su mai da ita aji.

Lisansi a tsarin da jami'o'inmu ke bi shekara uku ce, zango shida. Idan za a cika su da darussan buga rubutu a kwamfuta, a yayyafa ɗan ilimin halayyar yara a kai, to an sake yin monita ne, illa dai wannan yana da digiri. Tarihin 1964 na nuna cewa abin da ya ɓace shi ne malamin da ke iya shirya darasin da kansa. Saboda haka kamata ya yi ɗalibi ya fara da sanin yadda yaro ke koyo da yadda ake auna fahimtarsa, tare da lantarki da gyaran na'ura gwargwadon abin da zai hana aji tsayawa don batir ya mutu ko ƙura ta toshe inji. Sannan ya shiga aikin da ya fi wuya, wato rubuta darasi, da ɗaukar murya da hoto, cikin Hausa da Faransanci, har da neman kalmomin kimiyya. Wannan ba ado ba ne, musamman tun da kundin da aka amince da shi a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wanda bai taɓa zama ya yi gumi a kan yadda zai bayyana ƙarfin lantarki da Hausa ba, bai san nauyin da wannan ayyanawa ta ɗora wa malamai ba.

Zangon ƙarshe kuwa a fili ya dace a yi shi, ba a ɗakin kwamfuta mai sanyi ba. Jiratawa na nan kusa, da fadamarta ta noman rani wadda injinan famfo ke shayarwa. Yaran garin sun san ƙarar injin, sun san abin da ke samun shuka ranar da wuta ta ɗauke. A tura ɗalibi can ya shirya darasi na minti 14 a kan yadda famfo ke jawo ruwa daga rijiya, ya koyar da shi a aji mai yara da yawa, sannan malamin fasaha da malamin koyarwa su zauna a benci ɗaya a bayan aji su ba shi maki.