Daga Rabon Ganima Zuwa Alawus: Tarihin Ƙarin Kuɗin Sojan da Aka Tura Aiki na Musamman

Duk gidan da ke da ɗa a aikin soja, a Mainika ne ko Getso ko Garo, ya san kuɗin soja iri biyu ne. Akwai albashi, wanda igiya da shekarun aiki ke yankewa. Akwai kuma alawus, wanda ke duba inda aka tura mutum da irin aikin da aka ɗora masa. Kofur biyu da suka fito daga Depo na Zariya rana ɗaya, wannan yana gadi a barikin Janguza da ke kan hanyar Gwarzo, wancan yana dajin Sambisa, albashinsu ɗaya ne, amma abin da ya kamata ya shiga aljihunsu ba ɗaya ba ne. Tambayar wa ya cancanci wannan ƙari ta girmi Najeriya kanta, kuma a ƙasar Hausa ma'aunin da ake amsa ta da shi ya sauya sau huɗu.

Zamanin doki da ganima

Kafin zuwan Turawa babu albashin wata ga mayaƙi. A ƙarni na 19 garuruwan yammacin Kano, irin su Gwarzo da Ƙaraye, suna bakin iyaka ne, domin ta wannan ɓangare mayaƙan Maraɗi kan ɓullo idan sun ratso ƙasar Katsina. Wanda ya fita kare gari, ko ya bi sarki yaƙi, ladansa na duniya yana cikin ganima.

A ƙa'ida, ba da ka ake rabon ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid, sun shimfiɗa shi dalla-dalla. A fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, a miƙa wa shugaba, sauran huɗun a raba wa runduna. Mai doki kaso uku gare shi, biyu na dokin, ɗaya nasa. Dakare kuwa kaso ɗaya. Sharaɗin farko shi ne halartar yaƙin, amma wanda wata hidimar rundunar ta hana shi halarta ba ya rasa rabonsa, haka ma wanda ciwo ya kama. Wanda aka ɗauka aikin lada ba shi da kaso sai in ya shiga an gwabza da shi, bawa kuma ba a yanka masa.

Wannan tsari ya ƙunshi kusan duk abin da ake jayayya a kai yau: kayan aikin da mutum ya zo da su, kasancewarsa a wurin, da matsayin wanda aka tura wani aiki na daban. A aikace kuwa, sau da yawa dokin da barde ya hau na ubangidansa ne, don haka babban rabo sama yake komawa, shi kuma a sallame shi da riga ko doki, in ya yi fice a ba shi sarauta.

Sule guda a rana

Soja mai albashi ya fara ne a 1863, lokacin da John Glover ya tara wata ƙaramar rundunar Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Daga nan Rundunar Sojan Najeriya take ƙirga asalinta. A 1897 aka ba Lugard aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kano a Fabrairun 1903. Abin da ta zo da shi sabo shi ne biya a kan rana, kimanin sule guda ga farabiti, sai ɗan ƙari na igiya, na kyakkyawan hali, da na abinci idan an fita rangadi. 'Yan dakon da ke ɗaukar kayan rundunar a ka, nasu bai kai haka ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya faɗaɗa maganar ƙari. An ɗebi matasa daga gundumomin Arewa ta hannun hakimai da dagatai, labarin yaƙin kuma yana zuwa da Hausa daga gidan rediyon Ankara, inda Isa Kaita da Bello Ɗandago suka yi aiki, shi Ɗandago daga baya ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta, hakimin Gwarzo. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Boma tsakanin 1943 da 1945, har yau sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna da Dodan a Legas na tuna wannan tafiya. Sabon kurtu sule guda ɗin nan aka yi masa alkawari, ana iya yankar wani abu a aika wa iyalinsa a gida.

Yaƙin zamani na buƙatar direba, makaniki, akawu, ma'aikacin jinya da mai aika saƙon waya, kuma waɗannan aka ware wa kuɗin sana'a a kan albashinsu. Galibin ayyukan nan sai da karatun boko, makarantun boko kuwa 'yan kaɗan ne a Arewa. Sai ya zamana 'yan Arewa sun fi yawa cikin masu riƙe bindiga da masu ɗaukar kaya a dazukan Boma, a matakin kuɗi na ƙasa. A nan haɗari da ƙarin kuɗi suka raba hanya: wanda ya fi kusa da harsashi ba shi ne ya fi samu ba.

Sama da wannan akwai ma'aunin launin fata. Farabitin Ingila ya shiga yaƙin da sule biyu a rana, kuma an yi ta ƙara masa. A 2019 'yan jarida suka fito da wata takardar 1945 da ta shafi sojojin Gabashin Afirka, wadda ta nuna kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane watan aiki, ɗan Asiya sule 7 da sisi, baƙar fata sule 3 da sisi. A ɓangaren Faransa abin ya kai ga jini. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wa sojojin Afirka ta Yamma wuta saboda sun nemi bashin albashinsu da kuɗin sallama. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama na cewa sun kai ɗaruruwa.

Dalar ƙetare

Da samun mulkin kai a 1960, sojan Najeriya ya tafi Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zauna har 1964. Murtala Muhammed na cikin ƙananan hafsoshin da suka je, Aguiyi-Ironsi ya jagoranci rundunar baki ɗaya a ƙarshenta, barikin Bukavu na Kano kuma sunan wani garin gabashin Kwango ya ci. Daga nan aka buɗe babi na uku, inda cancanta ta koma ga shigar sunan mutum cikin jerin bataliyar da za ta ƙetare.

A 1974 Majalisar ta tsayar da farashi ɗaya ga kowace ƙasa: dala 500 a wata kan kowane soja, da ƙarin dala 150 ga wani adadi na ƙwararru. Kuɗin ya kai dala 1,028 a 2002, dala 1,332 a 2014, dala 1,428 a 2018, sannan dala 1,448 a 2022. Sai dai ba hannun soja ake danƙa shi ba. Gwamnatin ƙasarsa ake biya, ita ke yanke abin da za ta ba shi. Alawus na yau da kullum da Majalisar ke ba shi kai tsaye dala 1.28 ne a rana. Duk da haka, ga ƙaramin soja tafiya ɗaya kan isa ya sayi fili, ya yi aure, ko ya biya wa mahaifiya kujerar Makka, shi ya sa neman shiga jerin ya zama abin rububi.

Inda kuɗi ke bi ta hannu da yawa kafin ya iso, rigima ba ta nisa. Sojojin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a Agustan 1990 alawus ɗinsu bai wuce dala 5 a rana ba, kuma jinkirin biya ya zama kukan da aka saba ji. A Kwaddibuwa, sojojin da suka dawo daga aikin Majalisar a Afirka ta Tsakiya suka yi bore kan kuɗinsu a Disambar 1999, kafin a ankara boren ya zama juyin mulkin da ya kawar da Shugaba Henri Konan Bédié. A Nijar, sojojin Diffa sun yi bore a 2002 kan albashi da halin rayuwa. A Najeriya kuwa, a Yulin 2008 sojojin da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya a Akure suna neman cikon alawus ɗinsu. Kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a Afrilun 2009, daga baya aka mayar da shi shekara bakwai. Lauyansu shi ne Femi Falana.

Da fagen daga ya dawo gida

Rikicin Boko Haram ya mayar da aiki na musamman abin cikin gida. An kafa rundunar haɗin gwiwa a Maiduguri a 2011, aka kafa Runduna ta 7 a 2013, aikin ya ci sunan Lafiya Dole a 2015, ya koma Haɗin Kai a 2021. A Arewa maso Yamma an yi Sharan Daji da Hadarin Daji, sai Fansan Yamma a 2024. A ƙarshen 2025 hare-haren 'yan bindiga daga iyakar Katsina suka sa aka ƙara jibge sojoji a Shanono da Tsanyawa, arewa da Gwarzo. Yankin da ya kasance bakin iyaka a ƙarni na 19 ya sake ganin masu tsaron iyaka.

Tsarin biya na yanzu yana kan takardu uku. Akwai jadawalin albashin bai ɗaya na sojoji, CONAFSS, da ya fara aiki a 2007. Akwai kundin sharuɗɗan aiki, wanda Shugaba Tinubu ya sa wa sabonsa hannu a Disambar 2024. Sai kundin harkokin kuɗi na 2017, wanda sojoji ke kira MAFA, inda aka jera alawus iri-iri. A dunƙule, ƙarin kan zo ta ƙofa huɗu: na fagen daga, na abinci, na ƙwarewa irin ta matuƙin jirgi ko likita ko mai sauka da lema, da na aikin ƙetare. Kowace ƙofa da mabuɗinta. Na ƙwarewa sai an yi kwas an ci, kuma ana kan aikin. Na fagen daga sai an tura mutum a rubuce, sunansa ya shiga rajistar rundunar da ke wurin, ranar da aka cire shi kuma kuɗin ya tsaya. Saboda haka kuskuren akawu ɗaya, ko jinkirin takardar canjin wurin aiki, na iya hana wanda ya kwana watanni a rami abin da doka ta ba shi.

Matsala ta biyu ita ce yawancin alawus adadi ne tsayayye na naira, tsadar kaya kuwa ba ta tsayawa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, naira 1,500 ta abincin yini ta koma ba ta taka kara ta karya ba. A farkon 2025 Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Olufemi Oluyede, ya sanar da ninka ta zuwa naira 3,000, kimanin dala 2 a canjin lokacin. 'Yan mazan jiya ma sun sha tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja, a 2022 da 2025, suna neman haƙƙoƙinsu, ciki har da alawus ɗin da ake ba wanda ya bar aiki don kada ya yi amfani da horonsa a kan ƙasa.

Amurka ma na biyan irin wannan ƙari. Ƙananan sojojinta da aka ba aiki mai nauyi na musamman, kamar horar da kurata ko ɗaukar sababbi, suna samun daga dala 75 zuwa 450 a wata, a matakai shida, wanda ke inda ake harbi kuma dala 225. Babban bambancin ba a yawan kuɗin yake ba. Jadawalin nasu a buɗe yake, matar soja ma na iya dubawa ta lissafa abin da ya kamata ya shigo.

Abin da tarihin ya bari

Doki, karatun boko da launin fata, jerin masu ƙetarewa, rajistar fagen daga: ma'aunin ya yi ta sauyawa, kuma sauyin ƙarshe ya kusanto da ƙarin ga wanda ya fi shan wuya. Abin da bai gyaru ba shi ne hanyar da kuɗin ke bi daga baitulmali zuwa hannun mai shi. Sojojin Thiaroye da na Kwaddibuwa da na Akure ba sabuwar doka suka nema ba, abin da aka riga aka ce nasu ne suka nema.

Ga soja wannan ya fi tsanani fiye da kowane ma'aikaci. Malamin makaranta na da ƙungiya, yana da yajin aiki. Soja ba shi da ko ɗaya, kuma Dokar Rundunonin Soja ta ɗauki haɗa kai don bijire wa umarni a matsayin tawaye, wanda hukuncinsa kan kai kisa. An ga haka a 2014, bayan harbin da aka yi wa motar kwamandan Runduna ta 7 a barikin Maimalari da shari'o'in da suka biyo baya, har aka yanke wa gomman sojoji hukuncin kisa, kafin a sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara 10 a Disambar 2015. Ƙasar da ta hana mutum ɗaga murya, ita ke da nauyin tabbatar da cewa bai buƙaci ɗagawa ba. Hakan na nufin a bayyana jadawalin alawus kowa ya gani, a riƙa sabunta shi da tafiyar kasuwa, a tura shi asusun soja kai tsaye a ranar da aka sani, sannan wanda ya riƙe shi a hanya ya fuskanci kotun da ake kai wanda ya yi kukan rashinsa.