Sadaki da Lefe a Zangon Kwatano

Fataken Hausawa sun daɗe suna bin hanyar Gwanja neman goro, suna ratsa Nikki da Jugu har su kai Salaga, amma Kwatano ba ta zama musu masauki ba sai bayan da Faransawa suka karɓe ta daga hannun sarautar Dahome bisa yarjejeniyar 1868 da ta 1878, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa kasuwar goro, ciniki ya karkata zuwa bakin teku. Baƙin da suka yada zango a nan, akasarinsu gwauraye ne ko waɗanda suka baro iyali a Arewa, da zama ya yi zama kuwa sai maganar aure ta taso, tare da ita kuma maganar abin da za a bayar da wanda zai karɓa.

A wajen Fon, masu ƙasa, kayan auren da suke kira agban na dangi ne: tufafi da gishiri da goro da kwalaben giya da kuɗi, ana miƙa su ga iyaye da magabata, domin a ganinsu zuriya ce take ƙulla zumunta da zuriya. Malaman Zango kuwa, waɗanda suka yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun riƙe hukuncin mazhabar Malikiyya, cewa sadaki sharaɗi ne na ingancin aure, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma hakkin amarya ne ita kaɗai, waliyyi ba shi da ikon cin ko anini a ciki sai da yardarta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, cikin Ihya'us Sunna, ya lissafa karɓe sadakin mace cikin bidi'o'in da aka haramta, abin da ke nuna cewa a ƙasar Hausa kanta ba kowane uba ne ya tsare wannan amana ba. Har wa yau akwai auren sadaka, inda attajiri kan aurar da 'yarsa ga malami ko almajiri don neman lada, ba a nemi kome wurinsa ba face sadakin da shari'a ta wajabta.

Abin sha'awa, kuɗin da Kanawa da Katsinawa suka yi zamani suna biyan sadaki da su, watau wuri, da yawansu ta wannan gaɓar teku suka shigo, daga tsibiran Maldibs, daga baya kuma daga Zanzibar, ana sauke su a Wida da Ajashe, fatake su yi Arewa da su. Lokacin da Baturen matafiyin nan Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ne ake musanyawa da dala ɗaya ta azurfa.

Sai dai duk wanda ya lura da bikin Zango ya san ba sadaki ne yake karya ƙugun saurayi ba. Kafin a kai gare shi akwai kuɗin na-gani-ina-so, da na gaisuwar iyaye, da na sa rana, sa'an nan uwa-uba lefe, wanda a dā kwandon kaba ne mai zane biyu ko uku, yanzu kuwa jerin akwatuna ne, babba zuwa ƙarami. Ranar kai shi, gwaggwanni da ƙannen uwa sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a buɗe akwati ɗaya bayan ɗaya, wata dattijuwa ta ɗaga turmin atamfa ta murza gefensa da yatsu, ta duba hatimin bakinsa, don ta tabbatar ɗan Holan ne ba kwaikwayo ba, sauran mata suna ƙirga shadda da leshi a zuci. Ba mamaki idon matan Zango ya buɗe haka, gama kasuwar Dantokpa da ta Misebo suna kusa da su, kuma tun da Nijeriya ta hana shigo da yadi daga waje a shekarun 1970, tashar Kwatano ce ta zama ƙofar da atamfa ke bi, ta hannun alhazan Maraɗi da 'yan fasa-ƙwauri, har ta isa Kantin Kwari. Iyayen amarya su ma ba su tsira ba, domin kayan ɗaki da gara suna wuyansu, sau da yawa ma abin da uwa ta kashe wajen jere yakan zarce abin da ango ya kawo. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ɓangarorin biyu duka sun ji a jikinsu.

Hukuma ta sha sa baki. Dokar Mandel da Faransawa suka kafa a 1939 ta sharɗanta yardar yarinya, ta Jacquinot ta 1951 ta nemi taka wa tsadar kuɗin aure birki, dokar iyali ta Jamhuriyar Benin ta 2004 kuwa ta ce kuɗin aure alama ce kawai, ta kuma ƙi amincewa da auren mace fiye da ɗaya. A ganina masu waɗannan dokoki sun haɗa abubuwa uku cikin suna ɗaya, alhali kuwa sadaki dukiyar mace ce, agban na dangi, lefe kuma gasar mata ce da ba ta shiga takardar magajin gari. Shi ya sa ɗaurin aure a babban masallacin Zango bai sake kama ba: wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, liman ya tambayi nawa ne sadaki, a faɗa a gaban shaidu, lakadan ko ajalan, a shafa fatiha a raba goro, wanda yake son takardar hukuma kuma ya nufi ofishin magajin gari wata rana dabam.